Minti Biyu Bayan Labule

Yayan matata ya shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa babbar mota bai san harafi ko ɗaya ba. Allunan hanya da siffarsu ya san su, yadda ake gane maƙwabci daga nesa. Takardun kaya kuwa yakan miƙa wa duk wanda ya gani da biro a aljihu, ya tsaya yana kallon bakinsa. Direba kowa ke ce masa, har jikokinsa. Ni Yaya nake ce masa, don haka na ji ƙanwarsa na faɗa. Shi kuma Jan Biro yake kirana, saboda aikina na gyaran rubutu a maɗaba'a, inda na ƙarar da idanuna ina tsince kurakuran mutanen da sunansu ke fitowa a bangon littafi.

Matata ce ta fara koya masa karatu bayan ya ajiye tuƙi. Ba su kai rabin baƙaƙen ba ta kwanta, ba ta tashi ba. Wata biyu da rasuwarta sai ga shi da littafinsa a hammata. Ya zauna a kujerarta bai tambayi kowa ba, ya buɗe, ya ɗora yatsa.

"Nan ta tsaya."

"Ba ni da lokaci, Yaya."

"Ta ce haka za ka ce. Ta ce ba ka da haƙuri, amma ba ka da abin yi."

Na koya masa yadda na iya, domin ban san wata hanya ba. A maɗaba'a ba a karatu don jin daɗi. Rula ake ɗorawa ƙarƙashin sadara, a bi ta kalma bayan kalma, a furta kowace a baki. Ba a tsallake komai, har lambar shafi. Ba a cinkar kalma don an ga farkonta. In wani ya katse ka sai ka koma sama ka sake, domin daidai inda aka katse mutum kuskure yake laɓewa. Na karya tsohuwar rulata gida biyu na ba shi rabi.

Cikin shekara uku ya iya. Ya iya da kyau, ban taɓa kama shi da kuskure sau biyu a kalma ɗaya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu masu digiri da na yi wa aiki ba. Sai dai 'yar takardar da ke cikin kwalin maganinsa tana cin masa yammaci guda. Abin da kowane ɗan firamare ya iya, wato ya wurga ido ya tsinci abin da yake so ya bar sauran, ban koya masa ba. Ban ma tuna ana yi ba. Wannan laifina ne, na kuma faɗe shi tun yanzu kafin wani ya riga ni.

Da aka sa ranar zaɓe ya ce mini wannan karon zai karanta takardar ƙuri'ar. Ya yi zaɓe sau da yawa a rayuwarsa, kullum da hoto. A gaya masa a bakin ƙofa zanen da zai nema, ya shiga ya nema, ya dangwala. Sau biyu ma an haɗa shi da mai taimako, wani ya tsaya a kafaɗarsa yana nuna masa.

"Har yau ban san abin da ke rubuce a gefen hotunan nan ba," ya ce. "Ƙila zagina suke."

"Ba su damu da kai ba har su zage ka."

"To zan gani da idona."

Shekararsa saba'in da huɗu, likita kuma ya fara yi masa irin maganar nan da suke yi cikin ladabi, suna kallon fayil. Daga ni har shi babu wanda ya furta, amma mun san ba lallai ya ga wani zaɓen ba. In bai karanta wannan takardar ba, shi ke nan.

A makarantar firamaren unguwarmu aka sa rumfar, a ajin ƙarshe. An tura bencinan yara jikin bango, lissafin da aka yi ranar ƙarshe yana nan a allo ba a goge ba, har da kuskure a amsa ta uku. A tsakiyar ɗakin akwatin ƙuri'a ne a kan kujera. A kusurwa an ɗora kwali mai fuska uku a kan tebur, aka ja igiya aka rataya labule, labulen bai kai ƙasa ba. Ma'aikata uku ne. Shugabarsu wata malama ce mai koyarwa a wata makaranta, siririya, ba za ta wuce talatin ba, tana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ita ke buga hatimi a bayan kowace takarda ta miƙa.

Layi ya bi baranda ya sauka fili. Mun kama layin wajen ƙarfe tara. A bangon barandar an manna wata babbar takarda mai cewa yadda ake kaɗa ƙuri'a, da lambobi ɗaya zuwa tara. Da layi ya kawo mu gabanta Yaya ya zaro rula. Layi ya ci gaba, shi bai ci gaba ba.

"Riƙe mini wuri," ya ce, bai juyo ba.

Na riƙe. A gabana wata nas ce cikin fararen kaya, tana duba agogonta duk bayan numfashi uku. A bayana mahaucin bakin kasuwarmu ne, ƙato mai murya, wanda ya rufe tebur don ya zo, yake kuma so kowa ya san haka. Sai da muka kusa ƙofa Yaya ya iso, yana mayar da rula aljihu.

"Me ka samu?" na ce.

"Babu kuskure."

"Ba aikinka ba ne neman kuskure."

"Kai ka ce in riƙa nema."

Wajen sha biyu wata mota ta tsaya a bakin makaranta, wani saurayi ya fito da falmaran mai ɗaukar ido da kati a wuya. Daga ofishin zaɓe yake, shi ke zagaya rumfunan yankin. Ya dubi layin da ya kai har bakin famfo, ya shiga aji, ya yi magana da Malama ƙasa-ƙasa, ya fito ya tafa hannu sau biyu kamar mai kiran kaji.

"Jama'a, daga yanzu minti biyu ne. Kowa ya shiga bayan labule minti biyu gare shi. Wanda ya wuce za a karɓi takardarsa a soke."

Ba zan zalunce shi ba. Yana da dalili, ya kuma faɗa. A wata rumfa, in ji shi, wasu na shiga su zauna da gangan don layi ya tsaya, mutane su gaji su tafi. Rana ta take, akwai masu goyo, akwai tsofaffi. Da yawa a layin sun gyaɗa kai. Nas ta ce ai da tun safe aka yi haka. Ya ɗauki waya ya tsaya a gefen labule, yana danna agogon cikinta duk sanda wani ya shiga. Kafin a yi mutum biyar mahauci ya raɗa masa Mai Agogo, sunan ya bi layi har bakin famfo.

"Saura minti ɗaya," yakan ce. "Saura rabi."

Wata dattijuwa ta fito da sauri, ta jefa takardarta, ta tsaya tana kallon yatsanta. Ta ce da 'yarta ba ta tabbata inda ta sa ba. 'Yar ta ce ba komai, Inna, mu tafi.

A nan na buɗe baki, kuma da na bar shi a rufe da ya fi. Na ce da Mai Agogo daga bakin ƙofa, wane sashe na doka ne ya ce minti biyu?

"Baba lauya ne?"

"A'a. Na iya karatu ne kawai. Na ga abin ya yi ƙaranci a ofishinku."

An yi dariya, amma ba irin wadda ke taimako ba. Na ƙara da cewa falmaran ba ta taɓa zama doka ba ko a wace ƙasa. Ya yi wa ɗan sandan da ke bakin ƙofa alama da haɓa. Ɗan sandan, wanda da ganinsa ya fi son ya zauna a inuwa, ya kama gwiwar hannuna a hankali ya ce Baba zo ka sha iska. Ya kai ni bakin taga ya tsayar. Shekara talatin da wani abu ina da gaskiya a kan waƙafi da aya, ban taɓa iya faɗarta yadda wani zai karɓa ba.

Tagar tana kusa da ƙofa, Yaya kuma shi ke bin nas. Na miƙa wuya na yi masa raɗa.

"Yaya, ka nemi hoton kawai. Ka dangwala ka fito. Zan samo maka irin takardar ka karanta a gida."

Ya juyo ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da fushi ne da na fi jin daɗi.

"Shekara uku kana ce mini kada in tsallake," ya ce.

Nas ta ce ya wuce gabanta, tsoho ne. Ta yi nadamar wannan ladabin daga baya. Aka duba sunansa a rajista, Malama ta buga hatimi, ta miƙa masa takarda mai tsawo kamar zira'i. Ya karɓa da hannu biyu. Ya shiga, labule ya rufe, Mai Agogo ya danna waya.

Ƙafafunsa kawai nake gani, da takalman da ya goge da safe. Amma ajin ya yi shiru, ana jin motsin leɓensa, irin gunagunin nan da na saba ji a ɗakina kowace yamma. Daga kanun takardar ya fara. Na sani, domin ni na ce a fara daga kanu.

"Saura minti ɗaya."

Ƙafafun ba su motsa ba.

"Saura rabi. Baba, ka ji ko?"

Gunaguni ya ci gaba.

"Baba, lokaci ya cika."

"Ina kan na huɗu," in ji murya daga bayan labule.

"Na huɗu cikin nawa?" mahauci ya tambaya daga ƙofa.

"Ban kai can ba tukuna."

Ashirin da uku ne. Na gani a hannun waɗanda suka riga shi. Jam'iyya ashirin da uku, kowace da suna mai kalma huɗu ko biyar, kalmomin kuma kusan iri ɗaya aka yi ta jujjuyawa. Nas ta yi tsaki ta ce ƙarfe biyu za ta karɓi aiki, akwai marasa lafiya suna jira, ita ba ta zo makarantar yaƙi da jahilci ba. Ba ta yi ƙarya ba. Mahauci ya ce shi ya san wanda zai zaɓa tun bara, rabin minti ya ishe shi, a ba Direba sauran nasa. Wasu biyu suka ce su ma. Na ji haushin wannan fiye da tsakin nas. Abin mutum ne, ana neman a ba shi sadakarsa.

"Ba a rabon minti," in ji Mai Agogo. "Malama, a sa wani ya shiga ya taimaka masa."

"Ba na buƙata," in ji Yaya.

"Baba, ba abin kunya ba ne. Wanda bai iya ba ana taimaka masa."

"Na iya."

Mai Agogo ya dubi wayarsa, ya dubi layi, ya ga kowa shi yake kallo. Ya riga ya tafa hannu a gaban mutum ɗari biyu. Ya juya wajen Malama.

"Ki karɓi takardar ki rubuta an soke. Ya ƙi bin umarni."

"Yallaɓai, in na soke ba zan iya ba shi wata ba. An riga an yi wa sunansa alama."

"Na sani."

Ta miƙe a hankali. Aikin yini ɗaya aka ɗauke ta, shi kuma zai sa hannu a rahotonta, shi zai ce a sake kiranta ko kada a sake. Ta yi taku biyu wajen labule ta tsaya. Na ga hannunta yana murza gefen mayafinta. Ban zarge ta ba a lokacin, amma na shirya zarginta.

Labule ya buɗe da kansa. Yaya ya fito, takardar a manne da ƙirjinsa ta yadda ba mai ganin cikinta, rula a ɗaya hannun. Bai dangwala ba tukuna, yatsansa fes yake.

"Ɗana," ya ce da Mai Agogo, "na karanta takardar da kuka manna a waje. Abu tara ne. Ta ce in zo da katina, na zo da shi. Ta ce kada in nuna wa kowa, ban nuna ba. Ta ce kada in shiga da waya, ni ba ni da ita ma, kai ke da ita. Har ƙasa na kai, inda aka yi ƙaramin rubutu. Babu minti a ciki."

"Ba a nan yake ba, Baba. Umarni ne daga sama."

"A rubuce?"

"Ta waya aka ba ni."

"To." Yaya ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa hanyar da ya riga ya sani. "Ni shekara saba'in ana gaya mini abu da baki, a ce mini haka aka rubuta. A tasha, a asibiti, a shingen hanya. Ban taɓa musu ba, da me zan yi musu? Yanzu na iya. Ka nuna mini wurin in karanta. In yana nan, ga takardarku, ba sai 'yata ta wahala ba."

Sai Malama ta koma teburinta, ta ɗaga kwalbar tawada, ta jawo littafin da ke ƙarƙashinta. Littafin aikin ma'aikatan zaɓe ne, mai kauri kamar rabin bulo. Ta ajiye shi a bakin tebur, ba ta miƙa wa kowa ba, ta dai ajiye.

Yaya ya jawo bencin yara ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya tura takardar ƙuri'a cikin rigarsa, ya ɗauki littafin, ya ɗora rula a kan bango, ya fara karanta sunan littafin a bayyane, kalma kalma. Ya gama ya buɗe shafin farko, inda aka jera abubuwan da ke ciki.

"Yallaɓai," in ji mahauci, "don girman Allah ka nemo masa shafin. In ka bar shi, a nan zaɓe mai zuwa zai same mu."

Wannan karon dariyar ta wuce ƙofa ta bi baranda. Har ɗan sandan da ke gadina ya juya baya yana gyara hula. Mai Agogo ya fizge littafin ya shiga buɗawa, gaba, baya, gaba, yana lasar yatsa. Da gani bai taɓa buɗe shi ba. Sabo ne a wurinsa kamar yadda yake sabo a wurin Yaya, bambancin kawai shi Yaya ya yi niyyar karantawa.

"Shafi na talatin da ɗaya, Yallaɓai," in ji Malama, tana kallon teburinta.

Ya buɗe, ya bi da yatsa, fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ga shi nan. Mai zaɓe zai shiga wurin sirri, ya dangwala ba tare da ɓata lokaci ba, ya ninke, ya fito. Ka ji ko, Baba? Ba tare da ɓata lokaci ba."

"Ba ni."

Ya ba shi. Yaya ya ɗora rula. Bai fara daga inda aka nuna masa ba, daga saman shafin ya fara, muna tsaye muna jin sa yana bin yadda ake buga hatimi da yadda ake shafa tawada. Ya iso wurin, ya karanta sau biyu. Ya wuce har ƙarshen shafi, ya juya ya duba farkon na gaba don kada a ce ya bar wani abu.

"Ban ga biyu ba," ya ce.

"Ma'anarsa ke nan."

"A'a, ɗana. Da biyu suke nufi da sun rubuta biyu, ba ta da wuyar rubutu, ni ma na iya." Ya rufe littafin ya mayar wa Malama da hannu biyu. "Ni ban zauna a ciki ba, ban yi barci ba, ban yi hira da kowa ba. Takardar da kuka ba ni nake karantawa. Wannan ne ɓata lokaci? In ba don a karanta ba, me ya sa aka rubuta?"

Na karanta littattafai da yawa a kan 'yancin ɗan ƙasa, wasu ma ni na gyara su, da kalmomi masu tsawon da sai an huta a tsakiya. Na tsaya a bakin taga ina jin tsohon direba yana faɗar abin da suka kasa faɗa a shafi ɗari uku, kuma sai na ga ina dafe da ƙarfen tagar da hannu biyu.

Mai Agogo ya ce da Malama, shi ya ba da umarni, in ta ƙi a kanta. Ta buɗe jakar takardu ta zaro wani fom, ta ajiye gabansa, ta cire murfin biro ta ɗora a kai.

"Yallaɓai, ban ƙi ba. Wannan fom ɗin soke ƙuri'a ne. Akwai wurin dalili, akwai wurin sashen da aka dogara da shi, akwai wurin sa hannun wanda ya ce a soke. Ka cike, in karɓa."

Mai Agogo ya dubi biron. Ya ɗauka. Ya rubuta kwanan wata. Ya kai wurin sashe ya tsaya, ya daɗe yana kallon ɗan filin da aka bari fari. Umarnin baki yana da daɗin ɗauka, ba shi da nauyi, sai ranar da aka ce ka sa sunanka a ƙarƙashinsa. Ya ajiye biron ya ce bari ya kira ofis, ya fita fili yana neman inda waya ke kamawa.

"Baba, koma ka ƙarasa," in ji Malama.

"Mu fa?" in ji nas.

Malama ta waiga cikin aji. Ta ce da ma'aikatanta biyu su juye kwalin da aka kawo kayan aiki a ciki, su yanke masa fuska ɗaya. Suka ɗora shi a kan wani tebur a ɗaya kusurwar, suka juya shi yana kallon bango, aka zuba tawada a murfin kwalba. Mahauci ya shigo ba a kira shi ba ya cicciɓi allon tsaye da ke jingine ya kafa shi a matsayin labule. Duka bai ci minti uku ba. Tun safe kwalin yana nan ƙarƙashin tebur, babu wanda ya tuna da shi, domin tsawata wa mutane ya fi saurin zuwa kai. Nas ta shiga ta fito, ta jefa, ta wuce da sauri. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya ta ce da labulen Yaya, "Baba, a gama lafiya."

Tun da Yaya ya koma bayan labule na kasa kunne ina jiran in ji na biyar. Sai na ji kanun takardar.

Daga sama ya sake. An katse shi, ya koma sama. Na buɗe baki zan ce Yaya ba sai ka yi haka ba, na rufe. Layi yana tafiya ta ɗaya kusurwar, mutane na shiga suna fita, kowa in ya zo wucewa sai ya saci kallon takalman nan biyu ƙarƙashin labule. Wasu da suka gama ba su tafi ba, suka tsaya a taga kusa da ni. Wata mata ta tambaye ni na nawa yake, na ce sha ɗaya. Ta juya ta gaya wa na bayanta. Mahauci, wanda ya ce rabin minti ya ishe shi, ya shiga bayan allo ya yi kusan minti huɗu, ya fito yana ƙunƙuni cewa ashe akwai wasu ma da bai taɓa jin sunansu ba.

Mai Agogo ya dawo, ya tsaya a ƙofa, wayar a aljihu. Bai ce ofis ya ce kaza ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Ya ɗauki fom ɗin da ya fara cikewa ya ninke ya sa a falmaran.

Ashirin. Ashirin da ɗaya. A na ashirin da biyu ya yi tuntuɓe da wata kalma, na ji ya tsaya, ya raba ta gaɓa-gaɓa yadda muke yi, ya haɗa, ya wuce. Ya gama na ƙarshe, ya karanta ƙaramin rubutun ƙasa. Sai shiru. Shirun ya fi duk karatun tsawo a wurina. Daga nan na ji ƙarar ninke takarda.

Minti sha tara, da agogona. Ya fito ya taka zuwa tsakiyar ɗaki a miƙe, ba irin tafiyarsa ta kwanan nan ba. Ya kai takardar bakin akwati, bakin ya yi mata kaɗan, ya ƙara ninki ɗaya ya tura da babban yatsa har ta faɗa. Ya tsaya ya leƙa ta jikin akwatin ya tabbatar. Ya ce da Malama, "Sannu, 'yata." Ta ce, "Sannu, Baba," ta sunkuya a kan rajista da sauri. A ƙofa ya ce da Mai Agogo sannu da aiki, shi kuma ya matsa ya ba shi hanya.

Ya same ni a taga. Na so in ce wani abu, ban samu wanda ba zai ba ni kunya ba.

"Sha tara," na ce. "A maɗaba'a da an kore ka."

"Kai aka kora yau ai. Wurinka ya wuce, Jan Biro, koma baya. Zan jira ka a inuwa."

Na koma har bakin famfo. Wanda na tarar a ƙarshen layi wani mutum ne da jakar ofis, yanzu ya iso, yana fifita da katinsa. Ya tambaye ni me ya tsayar da layi ɗazu, ya ji ana ta dariya.

"Wani tsoho ne yake karanta takardar ƙuri'a."

"Duka?"

"Duka. Sau ɗaya da ɗan kai."

"Ikon Allah. Wa ya koya masa irin wannan karatu?"

"Ni."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba ka koya masa sauri ba?"

"A'a," na ce.